Yadda Ake Gyara Bugun Ƙwallon Golf da Gajeren Ƙarfe a Yashin Binuwai

Ranar farko da na kai ɗan ƙanwata bakin Binuwai da sandar golf, ƙwallo goma sha biyu na zube masa. Huɗu ya haƙa rami a bayansu, suka mirgina taku uku suka tsaya. Biyar ya daki ƙoƙon kansu, suka bi ƙasa da gudu kamar gafiya. Biyu iska ya daka. Guda ɗaya ce ta tashi, ita ma bai san yadda aka yi ba. Ya juyo yana huci ya ce, "Kawu, sandar nan a karkace take." Sanda lafiyarta ƙalau. Ciwonsa shi ne ciwon kowane sabon shiga: bai san inda kan sandarsa yake taɓa ƙasa ba.

Na yi shekaru ina ɗaukar wa 'yan wasa jaka a filin golf na Yawunde, wanda yake kan tudun Febe, ina kwana a unguwar Briketiri. Da na dawo Garwa na ɗauka ni da wasan nan mun yi bankwana, don ciyawa irin ta can ba ta kusa da ni. Ashe yashin kogi ya fi ciyawa iya koyarwa. Ciyawa tana rufa wa mutum asiri, ka yi kuskure kaɗan ƙwallo ta tashi duk da haka. Yashi kuwa duk abin da ka yi sai ya rubuta shi a gabanka. Seve Ballesteros na ƙasar Sifaniya, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1979 da 1984 da 1988, a yashin bakin teku na ƙauyensu Pedreña ya koyi wasa yana yaro, da sanda guda ɗaya, ƙarfe mai lamba 3.

Bayanin da ke ƙasa na mai wasa da dama ne. Bahago ya juya komai.

Kayan da za ka tanada

Doka ta yarda ɗan wasa ya sa sanda 14 a jaka, amma wannan aiki ɗaya ta ishe ka. Nemi gajeren ƙarfe, daga cikin sanduna masu lamba da masu Faransanci suke kira "fer": na 8, ko na 9, ko mai harafin P a gindinsa. In zaɓi gare ka, ɗauki na 9. Tsawonsa kusan santimita 90 ne, babbar sandar da ake buɗe wasa da ita kuwa ta haura 110. Fuskar na 9 a kishingiɗe take, digiri 40 zuwa 43, ta P kuma 44 zuwa 48, gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Gajartarsa tana kusanto ka da ƙwallo, kishingiɗar fuskar kuma ita ke ɗaga ƙwallo sama. Kada ka fara da mai harafin S. Gindinsa mai tudu ne, don yashi mai laushi aka yi shi, a ƙasa mai tauri tsalle yake yi ya daki cikin ƙwallo.

Tsohuwar sanda ta gwanjo ta fi dacewa, domin yashi yana cin tsagun da ke fuskar ƙarfe a hankali. Ka yi saƙo wurin masu zuwa Yawunde ko Duwala, ko masu shiga Kano da Kaduna. 'Yan ɗaukar jaka ba sa rasa tsohuwar sanda da ƙwallayen tsintuwa. Kafin ka biya, riƙe kan ƙarfen ka murɗa, in yana motsi a wuya, wato inda ya haɗu da jikin sanda, ka bar shi. Robar ƙota in ta yi santsi, wanke ta da sabulu da buroshi. In ta mutu gaba ɗaya, naɗa mata salatif na ƙyalle.

Ƙwallo ashirin zuwa talatin sun isa. Faɗin kowace kusan santimita 4.3 ne, nauyinta kusan giram 46, ga tauri kamar dutse. Shafa musu alƙalamin maka, ja ko shuɗi, don farar ƙwallo a farin yashi in rana ta fito sai ka taka ta ba ka gan ta ba. In ba ka da ƙwallo, ko a tsakar gida za ka yi, yanka totuwar masara gunduwa-gunduwa daidai girman ƙwallo. Ba ta nisa, ba ta fasa tagar kowa.

Sai ƙananan kaya: tsohon tawul, alli, kara biyu, bokiti ko buhu na auna bugu, tsohon buroshin haƙori, da ruwan sha. Sa takalmin kambas, silifa zamewa take yi. Ajiye babbar riga a gida. Safar hannu ta hagu tana da amfani saboda gumi da bororo, amma rashinta bai hana komai.

Zaɓen wuri ya fi duk waɗannan muhimmanci. Busasshen yashi mai zurfi ba ya yi. Nemi inda ruwa ya janye, yashin ya daddale yana da ɗan laima. Gwajinsa: taka shi. In diddigenka ya nutse, matsa gaba. In sawunka ya fito sarai amma bai lotsa ba, nan ne. Daga hunturu zuwa bazara irin wannan wuri ba ya wuya a bakin Binuwai. In kogi ya yi maka nisa, gefen filin ƙwallon ƙafa na unguwa ya yi, ka yayyafa ruwa minti talatin kafin ka fara. Ka guji tsakuwa da marmara, suna ɓata ƙarfe, suna kuma tayar da ciwon wuyan hannu. Ka tabbata gabanka fili ne fetal har taku 150, ba masu wanki, ba masu ɗibar yashi, ba yara, ba shanu. Ƙwallon nan tana fasa kai. Wadda kuma ta faɗa ruwa ka yafe ta, a Binuwai akwai dorina.

Abu ɗaya da za ka riƙe a kai

Kan sanda baka yake zanawa: ya sauko, ya kai ƙarshen saukarsa, ya sake hawa. A bugun ƙarfe, ƙarshen saukar nan a gaban ƙwallo ya kamata ya kasance, wajen inda kake son ta tafi, da yatsu biyu zuwa huɗu. Ƙwallo tukuna, sannan ƙasa. Sabon shiga yana ganin sai ya cusa ƙarfe ƙarƙashin ƙwallo ya kwaso ta kamar mai ɗibar miya da ludayi. Wannan kwasar ce uwar kurakurai. Kai dai ka buga ƙasa-ƙasa, ɗagawa aikin fuskar ƙarfe ne.

1. Riƙo

Ɗora ƙota a yatsun hannun hagu, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuni, kada ta kwanta a tsakiyar tafi. Rufe hannun. In ka duba ƙasa ka ga gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun. Kawo hannun dama ya rufe babban yatsan hagu. Ƙaramin yatsan dama ko ya hau tsakanin manunin hagu da na kusa da shi, ko ya sarƙe da manunin, ko ka jera duk goman a kan ƙota. Duk ukun ana yi, mai ƙananan hannu ya fi jin daɗin sarƙewa. Riƙe yadda wanzami yake riƙe aska: ba ta kuɓuce masa, amma wuyan hannunsa a sake yake. In ka ga jijiyoyin damtsenka sun tashi, ka matse da yawa.

2. Tsayuwa

Buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa ko ƙasa da haka kaɗan. Sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe, gwiwoyi su ɗan saki. Bar hannaye su rataya, inda suka tsaya nan ƙota za ta same su. Tsakanin ƙarshen ƙota da cinyarka a samu wurin dunƙulen hannu ɗaya. Ƙwallo a tsakiyar ƙafafu. Nauyinka kashi shida cikin goma a ƙafar hagu. Hannaye su ɗan wuce ƙwallo, ƙarshen ƙota yana kallon cikin cinyar hagu. Maɓallin tsakiyar rigarka ya zama a saman ƙwallo ko gaba da ita kaɗan. Ajiye kara ɗaya a gaban yatsun ƙafarka yana nuna inda za ka buga, don ido yana yaudarar mutum a buɗaɗɗen yashi.

3. Layi a yashi, ba ƙwallo

Nan aikin yake, kuma nan mutane suke tsallakewa don ba daɗi.

Ja layi a yashi da kara, tsawon taku biyu, ya taso daga tsakanin ƙafafunka ya miƙe gabanka. Tsaya yadda layin zai raba ƙafafunka biyu daidai, a matsayin ƙwallo. Ɗaga sanda har hannayenka su kai ƙugu, juya ka sauke ta ta shafi yashi, ka ƙarasa hannaye a ƙugu ta ɗaya gefen. Yanzu duba saran da ka yi. Abin da ake so, ya fara a kan layin ya tafi hagu, wato gaba. Matsa baya kaɗan ka sake, har ka jera sara goma a jikin layin. Sai ka tsuguna ka karanta.

In saran ya fara a dama da layi, nauyinka ya maƙale a ƙafar dama, ko kuma ka saki wuyan hannu da wuri, kan ƙarfe ya riga hannaye isowa. Maganin na farko: ka gama kowane bugu diddigen dama a sama, yatsun ƙafar kaɗai a ƙasa, cibiyarka tana kallon inda ka buga. Ka iya ɗaga ƙafar dama gaba ɗaya ba ka faɗi ba. In ya ƙi, ja ƙafar dama baya ka kafa ta a kan yatsu tun kafin bugu, ka yi goma a haka. Jiki ba shi da inda zai jingina sai hagu.

In ba sara ko kaɗan, ka miƙe tsaye a tsakiyar bugu, ko ka lanƙwashe gwiwar hannu kana tsoron ƙasa. In saran ya warwatsu, wannan gaba wancan baya, to jikinka yana tangaɗi zuwa dama lokacin ɗagawa. Juyawa ake so, kamar murfin kwalba. Da safe ka ba rana baya, ka sa dutse a kan inuwar kanka, ka ɗaga sanda ka ga ko inuwar ta bar dutsen. Haɗe ƙafa biyu wuri ɗaya a yi bugu a hankali shi ma yana kashe tangaɗi, don mai tangaɗi faɗuwa zai yi.

Duba zurfi kuma. Wani dattijo cikin 'yan ɗaukar jaka a Yawunde, mutumin Marwa, ya taɓa tsayawa yana kallona ina tone ƙasa. Ya ce, "Yaro, shuka za ka yi?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To ajiye sungumi ka ɗauki fartanya." Sungumi rami yake yi, fartanya kuwa fatar ƙasa take ɗebewa ta wuce. Saran ƙarfe mai kyau marar zurfi ne, tsawonsa kamar takardar sefa dubu. Alƙiblarsa ma tana magana: in ya karkata hagu sosai, da kafaɗa kake jefo sanda daga waje.

Kada ka taɓa ƙwallo sai bakwai cikin goma sun fara a kan layi ko gaba da shi. Ɗan ƙanwata kwana huɗu ya yi yana saran yashi, masu wanki suna yi masa dariya, suna tambayarsa ko gero zai shuka a kogi.

4. Ƙwallo a kan layi

Ja sabon layi, jera ƙwallo biyar a kansa, tazarar taƙi ɗaya. Yi sara biyu ba ƙwallo, na uku da ƙwallo, da ƙarfi ɗaya da tsawo ɗaya. Har yanzu ƙugu zuwa ƙugu. Ba ruwanka da nisa. Taku talatin ko arba'in ya wadatar.

Za ka ga abin mamaki. Mutumin da ya jera sara goma masu kyau, da ya ga ƙwallo sai ludayin nan ya dawo. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce a ɗauke ido daga bayan ƙwallo a sa shi a gabanta. Sa ɗan tsinke a yashi, yatsu uku gaba da ƙwallo, ka ƙudurta tsinken za ka ɗebe. Ƙwallon a hanya take kawai.

Kunne ma alƙali ne. Bugu mai kyau "ƙwas" yake cewa, ba ka jin nauyin komai a hannu. Wanda ya fara cin ƙasa "tim" yake yi, yashi ya tashi ƙwallo ta faɗi kusa. Wanda kaifin ƙarfe ya daki cikin ƙwallo kuwa zafinsa har yatsu, musamman da sanyin hunturu, ƙwallon ta tafi ƙasa-ƙasa da gudu. Waɗannan biyun uwarsu ɗaya: ƙarshen sauka ya faɗi a bayan ƙwallo, sau ɗaya ƙarfen ya ci ƙasa, sau ɗaya ya tsallake ta ya samu ƙwallo yana hawa. Saboda haka kada ka yi musu magani biyu.

Akwai shawarar da za ka ji daga kowane ɗan kallo: "Kada ka ɗaga kai." Ni ban yarda da ita ba. Wanda ya kafe kansa yana kallon ƙasa har bayan bugu, ƙirjinsa ba ya juyawa, hannaye su ƙarasa aikin su kaɗai, ludayi ya dawo. Ka bar kai ya bi ƙirji bayan ƙwallo ta tafi. Abin da ba a so shi ne miƙewar ƙugu kafin bugu.

5. Tawul a bayan ƙwallo

Wannan na ranar da ba ka samu yashi ba ne, ko kana kan guntun kafet a gida. Kafet maƙaryaci ne: ka ci ƙasa a bayan ƙwallo, ƙarfe ya zame ya same ta, ta tashi kamar ka iya. Shimfiɗa tawul, ninki ɗaya, faɗin tafin hannu a bayan ƙwallo. Buga ba tare da ka taɓa shi ba. In tawul ya tashi, ka ci baya. In ka yi goma bai motsa ba, matso da shi yatsa ɗaya. Kada ka ninka shi da kauri, zai sa ka riƙa saro sanda daga sama kamar mai faskare.

A gida da ƙwallo ta gaske, rataya tsohon bargo mai kauri a igiya, ya yi sako-sako har ƙasa, ka tsaya taku biyu daga gare shi, don gajeren ƙarfe sama yake jefawa. Kada bango ya kasance dab da bayan bargon. Gidan sauro ba ya tare ƙwallo, na gwada.

6. Tsakiyar fuska

Ka gyara gaba da baya, saura kusa da nesa. Goga alli a fuskar ƙarfe, buga, ka duba inda ƙwallo ta share shi. In ba alli, manna salatif na takarda, tabon zai fito. Ana son tabon a tsakiya, ƙasa-ƙasa kaɗan.

Tabo a wajen hancin ƙarfe, wato ƙarshensa na nesa da kai, yana nufin ka yi nisa da ƙwallo, ko kana janye hannu zuwa jiki. Tabo a wajen wuya yana nufin ka matso da yawa, ko nauyinka yana zubewa kan yatsun ƙafa. Wannan na biyun shi ne mai haɗari: in ƙwallo ta daki wuyan ƙarfe, dama take fita kai tsaye. Shi ya sa ba a barin kowa ya tsaya ta gabanka ko dama da inda ka auna, ɗan kallo bayanka zai tsaya, nesa da sanda. In ƙwallo ta nufi mutum, ka ɗaga murya ka ce "Hattara!" tun tana sama.

Gyaransa: kafa guntun kara biyu a yashi, ɗaya ta hancin ƙarfe, ɗaya ta wuya, ka bar faɗin yatsa ɗaya kowane gefe. Wuce da ƙarfe ta wannan ƙofa, farko ba ƙwallo, sannan da ita. Kara za ka sa, ba ƙusa ko dutse ba.

7. Ƙara tsawo, sa abin aunawa

In bakwai cikin goma suna cewa "ƙwas" a ƙugu zuwa ƙugu, ɗaga har hannun hagu ya kwanta daidai da ƙasa, ka ƙarasa hannun dama a haka ta ɗaya gefen. Bayan mako ɗaya ko biyu ka kai kafaɗa. Gajeren ƙarfe ba ya buƙatar fiye da haka. Duk ranar da sara ya koma bayan layi, sauko mataki ɗaya, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ajiye bokiti a taku 50, buhu a taku 80. Kada ka tsaya kana zuba ƙwallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai sussuka. Kowace ƙwallo ka koma bayanta ka auna, ka shigo ka gyara tsayuwa, ka buga, ka duba sara. Canja wurin aunawa duk bayan ƙwallo uku. In kana da na 8 da P, riƙa musanyawa. Wurin ƙwallo kusan ɗaya ne, na 8 ya fi nisa, P ya fi tashi. Ƙidaya taku zuwa inda yawancin ƙwallayenka suka sauka, ban da wadda ta fi kowace nisa, ka rubuta. Wannan ne nisanka na gaskiya.

Bugu arba'in zuwa hamsin, sau uku a mako, ya fi ɗari biyu a rana ɗaya. Hannu in ya gaji kuskure yake hardacewa. Bayan sallar asuba ne lokaci: yashi da laimarsa, iska ba ta taso ba, mutane ba su cika bakin kogi ba. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, ƙarfe takwas ta same ka a gida. Ka fara da sara goma ba ƙwallo kullum, ko ka shekara kana yi. In wuyan hannu ko gwiwar hannu ya fara ciwo, huta kwana biyu ka nemi ƙasa mai laushi.

Kafin ka tashi, jiƙa buroshin haƙori ka fitar da yashin da ya cushe a tsagun fuska, ka goge ƙarfen ya bushe don tsatsa. Kada ka bar sanda a rana ko a bayan mota, zafi yana busar da robar ƙota ya kuma raunana gam ɗin wuya. Ƙidaya ƙwallayenka.

Ranar da Allah ya kai ka filin ciyawa, za ka ga ƙwallo tana zaune a bisa kamar an ɗora ta a faifai, kuma za ta ɗan fi nisan da ka saba. Kada ka sauya komai. Saran zai fito da guntun ciyawa a gaban inda ƙwallo take. Ɗauko shi ka mayar gurbinsa ka taka, haka ake yi a can. Ɗan ƙanwata bai kai can ba tukuna. A makon jiya ya jera takwas cikin goma a gaban layi, biyu daga ciki suka sauka dab da bokiti, ya ce, "Kawu, yaushe za ka ba ni babbar sandar?" Na ce sai ruwan bana ya janye.